Ta ina zan fara neman kwangilar gwamnati?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da ɗan kamfani na buga takardu, kuma har yau aikin 'yan kasuwa da makarantu masu zaman kansu kawai muke yi. Ina son in fara shiga takarar kwangilar gwamnati, amma duk wanda na tuntuɓa sai ya ce in ba ni da kowa a sama in haƙura. Ta ina zan fara? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba zan ce maka babu son kai a harkar kwangila ba, akwai shi. Amma na sha zama a kwamitin tantance tayi, kuma abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda ƙananan kamfanoni ke faɗuwa tun kafin a duba farashinsu. Wani takardar shaidar biyan harajinsa ta ƙare aiki, wani ya manta bai sa hannu a fom ɗin tayi ba, wani kuma ya iso bayan an rufe akwatin da ake jefa tayi. A ƙa'ida, tayin da ya makara ko buɗe shi ba a yi, mayar wa mai shi ake yi yadda ya kawo shi.

Don haka fara da takardunka. Rajistar kamfani, shaidar biyan haraji, bayanin kuɗin kamfani da akanta ya duba ya sa hannu, da takardun da ke nuna ayyukan da ka kammala. Koma wurin makarantun nan da ka buga wa littattafan rubutu, ka roƙi kowacce ta rubuta maka shaida mai ɗauke da irin aikin, da adadinsa, da ranar da ka miƙa. Kwamiti ba ya ba da maki a kan abin da ka faɗa da baki.

Sannan ka nemi inda ake tallata ayyukan. Yawancin ƙasashe suna da dokar sayayyar gwamnati da hukumar da ke kula da ita: Ghana ta yi tata a 2003, Nijeriya a 2007, Tarayyar Turai tana wallafa manyan ayyukanta a shafin TED, Amurka kuma a SAM.gov. Nemi na ƙasarka, ka yi rajista, ka riƙa leƙawa kowane mako.

Idan ka karɓi kundin tayi, wato takardun da hukuma ke bayyana aikin da sharuɗɗansa a ciki, kada ka fara da shafin farko. Je kai tsaye wurin da aka bayyana yadda za a tantance. Nan za ka ga ko kana da hurumin shiga ma. In an ce sai wanda ya taɓa yin aiki uku makamantan wannan, kai kuwa ɗaya ka yi, ka bar shi, ko ka haɗa gwiwa da wani kamfani idan kundin ya yarda. Nan ne kuma za ka gane cewa mafi araha ba lallai ne ya ci ba. Sai tayi ya cika dukkan sharuɗɗa kafin a kwatanta farashinsa da na sauran, kuma a wasu ayyukan ambulan biyu ake miƙawa, ɗaya na bayanin ƙwarewa, ɗaya na kuɗi. Wanda bai haye na farko ba, ba za a buɗe na biyunsa ba. Duk abin da ya shige maka duhu, ka yi tambaya a rubuce cikin wa'adin da aka bayar. Za a amsa, a kuma raba amsar ga duk masu takara. Kada ka bi jami'i gida ko ka kira shi a asirce, wannan kaɗai yana iya sa a hana kamfaninka kwangila na shekaru.

Shawarata ka fara da ƙananan sayayya, irin wadda hukuma ke neman farashi daga wurin masu kaya uku ko fiye ta zaɓa. Ko ka karɓi wani ɓangare na aiki a hannun babban ɗan kwangila. Ribar ba yawa, amma sunanka zai shiga takarda.

Maganar kuɗi ce na fi so ka natsu a kanta. A manyan ayyuka ana neman garantin banki tare da tayi, wato takardar da banki ya tsaya maka cewa zai biya in ka janye, galibi bai wuce kashi 2 cikin 100 na kuɗin tayin ba, idan kuma ka ci a nemi wani na tabbatar da aiki, sau da yawa kashi 10. Banki ba ya ba da su kyauta. Bayan haka gwamnati takan biya ne bayan an miƙa aiki an duba shi, kuma biyan yakan yi jinkiri. Kafin ka rubuta farashi, ka lissafa takarda da tawada da albashin ma'aikatanka na watannin da za ka yi jira. Na ga wanda ya karya farashi don ya ci, aikin ya zo ya cinye jarinsa.

Ranar buɗe tayi ka halarta, ka rubuta farashin da aka karanto na kowa. In ba ka yi nasara ba, ka rubuta wa hukumar ka nemi dalili. A ƙasashe da yawa doka ta ba ka wannan haƙƙi, har da ɗan wa'adi na kai ƙorafi kafin a sa hannu a kwangilar, don haka kada ka bari kwanakin su wuce.