Amsa: Kundin Sheryl Crow na biyu

Malam, ka tambaya ko kundin waƙoƙi na biyu na Sheryl Crow, mawaƙiyar Amurka, ya faɗi a kasuwa. A'a, sam. Ya fito a watan Satumba 1996, ta sa masa sunanta, kuma ita da kanta ta tsara kiɗansa, domin bayan kundin farko na 1993 an yi ta raɗe-raɗin cewa abokan aikinta maza ne suka yi mata komai.

Kantunan Walmart sun ƙi sayar da shi saboda wani baiti da ya zarge su da sayar wa yara bindigogi, ita kuwa ta ƙi sauya baitin. Wannan tsayin daka yana burge ni ƙwarai. Duk da haka ya samu lambobin yabo na waƙa na Grammy guda biyu a 1997, ciki har da ta kundin kiɗan rock mafi kyau. Cinikinsa dai bai kai na farkon ba.