Haƙuri Daban, Dangana Daban: Amsoshin Tambayoyinku

Tambayoyin wannan makon kusan duk hanya ɗaya suka bi: yadda mutum zai zauna lafiya da kansa idan duniya ta yi masa zafi. Ba abin mamaki ba ne, ganin yadda kasuwa take tun da aka cire tallafin man fetur a 2023.

Wani ɗalibi daga Unguwar Rimi a Kaduna: Malam, ina yawan gani a Facebook ana rubuta "ka so kanka" da "son kai shi ne tushen kwanciyar hankali". Wannan Hausa ce?

Kalmomin na Hausa ne, maganar ce ba ta Hausa ba. An ɗauko ta ne daga bakin Turawa aka sa mata riga da hula. A Hausa mai son kai shi ne wanda in ana cin tuwo a kwano ɗaya yake tura nama gabansa, ko wanda in aka zo rabon gado zai riƙe gonar fadama ya nuna wa ƙannensa fako. Aibi ne, ba a yabon kowa da shi. Ka je wurin wanda ya karaya ka ce masa "ka zama mai son kai", ba ka lallashe shi ba, ka koya masa mugun hali ne.

Na san abin da za a kawo mini: ai Hausawa sun ce "so duk so ne, amma son kai ya fi". Sun faɗa. Sai dai ba kowace karin magana ce umarni ba. Wasu hoto ne kawai na halin ɗan Adam, kuma wannan da murmushi ake faɗinta, lokacin da aka ga mai rabo ya ware wa kansa kaso mafi tsoka.

Haka "karɓar kai" da ta fara shigowa gidajen rediyo. Karɓa tana son mai miƙawa da mai amsa. Dubi ma yadda Bahaushe yake juya ta: magani ya karɓe shi, atamfar ta karɓe ta, garin bai karɓe shi ba. Abu ne yake karɓar mutum. Daga nan aka samu "kowa da kiwon da ya karɓe shi, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura". Abin da masu wancan rubutu suke lalube, Hausa ta rarraba shi ne gida-gida: akwai sanin ciwon kai, akwai mutunta kai, akwai wadatar zuci, akwai yarda da ƙaddara. Ga kuma wadda ta fi kusa, mutum ya ji ƙan kansa, wato ya tausaya wa kansa yadda zai tausaya wa ɗan'uwansa in shi ne ya faɗi.

Tunda mun zo nan, a yi wa Allah a riƙa sa wa ƙ lanƙwasarta. Jin ƙai rahama ne, jin kai girman kai ne, kuma ƙugiya ɗaya ce tsakaninsu. Kullum sai ka ga sanarwar rasuwa an rubuta "Allah ya jikansa". Jika ɗan ɗa ne ko ɗan 'ya. Addu'ar ita ce "Allah ya ji ƙansa". Wayoyin yanzu duk suna iya rubuta haruffan nan, ganda ce kawai.

Wani dattijo daga Kakuri, tsohon ma'aikacin masaƙa: Tun da aka rufe wurin aikinmu, wasu su ce in yi haƙuri, wasu su ce in dangana. Ba abu ɗaya ba ne?

Baba, ba ɗaya ba ne, kuma gara da ka tambaya, don yawancin masu faɗa ba su san sun bambanta ba. Masaƙun Kakuri, waɗanda ta farkonsu ta fara aiki a 1957, sun ciyar da gidaje masu yawa, saboda haka ba kai kaɗai ake yi wa wannan magana ba.

Haƙuri na abin da bai ƙare ba ne. A cikinsa akwai jira, akwai sa rai, akwai aiki. Mutane suna son cewa "mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa", amma sukan tsallake kalmar "dafa". Mai dafuwa ba zaune yake hannu a haɓa ba. Yana iza wuta, yana ƙara itace, yana ƙara ruwa in ya ƙone. Manomin da ya yi shuka yana jiran ruwa haƙuri yake yi, haka mai jinya, haka mai bin bashi.

Dangana kuwa, nemi tushenta a hannu kafin ka neme shi a zuciya. Ana dangana sanda da bango. Mai ɗauke da dami in ya gaji yakan dangana shi da bishiya. Wato ka ɗauke nauyin abu daga kanka ka jingina shi da abin da ya fi ka ƙarfi. Shi ya sa ake cewa ya dangana ga Allah, kuma shi ya sa a gidan makoki za ka ji "Allah ya ba da dangana". Ta abin da aka rufe ce, wanda babu sauran dabara a kansa.

Ɓarnar tana zuwa ne in aka sa kowace a gurbin 'yar'uwarta. Wanda ya dangana a kan abin da yake buƙatar ya tashi ya nema, wannan ba dangana ya yi ba, sunan abin mutuwar zuciya, ko da ya kira shi tawakkali. Hadisin mai raƙumi sananne ne: ɗaure shi, sannan ka dogara ga Allah. Wanda kuma ya ci gaba da "haƙuri" a kan abin da ya riga ya tafi, yana jiran ƙofar da aka toshe da bulo ta buɗe, shi ne wanda shekaru za su wuce bai samu barci mai daɗi ba. Ma'aunin mai sauƙi ne: akwai abin da hannunka ko ƙafarka ko bakinka zai iya yi a kan lamarin? In akwai, haƙuri da nema. In babu, dangana. A lamari ɗaya ma ana iya raba su. Shekarun da suka wuce a dangana, haƙƙin da ake bi kuma a bi shi da haƙuri.

Sannan a lura, "yi haƙuri" ta zama kalmar da aka fi cin amanarta a harshen nan. Da ita ake neman gafara, da ita ake ta'aziyya, da ita ake sallamar mai bara, duk daidai ne. Amma da ita kuma ake rufe bakin wanda aka zalunta don kada a sha wahalar yi masa adalci. Wannan Hausawa sun ba shi sunansa tun tuni: haƙurin dole. Ba ya kwantar da hankali, tara shi ake yi har ranar da tura za ta kai bango. Wani Bature masanin Hausa, Kirk-Greene, a nazarinsa na 1974 kan mutumin kirki a wurin Hausawa, ya lissafa haƙuri cikin halaye 10, kuma a jerin nan akwai adalci da mutunci. Masu cewa "yi haƙuri" sukan manta da waɗannan biyun.

Wata malamar makaranta daga Tudun Wada: "Kwanciyar hankali" ne ko "kwanciyan hankali"? Kuma mene ne bambancinta da natsuwa?

Kwanciya mace ce, don haka kwanciyar hankali, kamar tafiyar dare. Mai rubuta "kwanciyan" zai rubuta "motan haya", kuma ya kamata a hana shi tun yana aji uku.

Ma'anar kuwa, ɗebo ruwan Kogin Kaduna a tsakiyar damina, lokacin da yake jajir, ki zuba a bokiti ki ajiye. Da safe za ki ga sama ta yi garau, lakar ta kwanta a ƙasa. Ba ta fita daga bokitin ba. Haka hankali yake a bakin Bahaushe: yana tashi, yana kwantawa, yana rabuwa biyu, yana gushewa. Mai kwanciyar hankali ba wanda ba shi da matsala ba ne, wanda ya daina girgiza bokitin ne. Natsuwa ita ce tattara hankali wuri ɗaya, shi ya sa ake neman ta a salla da karatu da tuƙi. Mutum yana iya natsuwa ya yi aikinsa tsaf alhali hankalinsa a tashe yake.

Wani matashi daga Rigasa: "Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar." Ana iya faɗa wa mutum ita game da kansa?

Asalinta ta dangi ce: ɗanka ko ƙaninka komai lalacewarsa ba ka yar da shi. Amma ban ga laifi ba in aka juyo da ita ga mai hannun. Sai dai ka lura ba ta ce hannun lafiyarsa ƙalau ba. Ta yarda ya ruɓe, magani ta ce a nema.

Wata uwargida daga Malali: Me ake nufi da "da na sani ƙeya ce"?

Ƙeya a baya take, kuma duk juyin da kika yi ba za ki gan ta ba. Sanin da ya zo bayan aiki haka yake: naki ne, yana tare da ke, amma ba ya haska miki gaba. Hadisi ma ya hana mutum zama yana cewa "da na yi kaza da kaza ya faru", ya ce wannan "da" tana buɗe wa Shaiɗan ƙofar aiki. Wannan daban da nadama, wadda ake yi sau ɗaya a tuba a gyara abin da zai gyaru. Ita "da na sani" tuƙa ce irin ta akuya, a haɗiye a dawo da shi a sake taunawa.

Wani makaniki daga Panteka: "Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni."

Mai aro sai ya tsaya mai gatari ya gama saransa. Mai guntu yana sara lokacin da ya ga dama. Kai da kake da sifana taka ka fi ni sanin wannan.

Wata ɗalibar aikin jinya daga Kawo: Wace kalma ta dace da ciwon nan da mutum zai rasa jin daɗin komai, ya ƙi ci, ya ƙi barci? Mutane suna cewa baƙin ciki ne kawai, wasu su ce taɓin hankali.

Wadda ta fi zama a bakin ma'aikatan lafiya da 'yan jarida ita ce ciwon damuwa, kuma ina goyon bayanta saboda kalmar "ciwo" da ke gaba. Baƙin ciki yana da sanadi kuma yana sassautawa da kwanaki. "Taɓin hankali" a kunnen mutanenmu hauka take nufi, ita ce take sa iyali su ɓoye mara lafiya a ɗaki. Likitoci suna duba ko halin ya kai mako 2 ko fiye kusan kullum, tare da canjin barci da cin abinci, mutuwar jiki, da ganin kai ba a bakin komai ba. In har mutum ya fara maganar gara ya mutu, ba a jira ko kwana ɗaya. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya a Barnawa, cikin Kaduna. Irin wannan ba a ce masa "ka dangana", kamar yadda ba a ce wa mai karaya ya dangana a bar ƙashin. In dangi suna jin nauyin kai shi, tuna musu ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Wani mai karatu daga Badarawa: Na yi wa abokina jaje na ce "komai nisan jifa ƙasa zai faɗo", sai ya ɓata rai.

Yana da gaskiya. Wannan gargaɗi ce ga wanda yake ganin ya tsere wa sakamakon aikinsa. Wadda kake nema ita ce "komai nisan dare gari zai waye". Koma ka ba shi haƙuri.