Tambaya da Amsa: Fitilar Na'urar Ɗumama Gida Tana Ƙiftawa, Ko Ta Lalace Ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Bana ne sanyinmu na farko a Columbus, jihar Ohio ta Amurka. A ɗakin ƙasa na gidan da muka kama akwai na'urar ɗumama gida mai aiki da gas, ƙirar Trane. Na leƙa wata 'yar taga a jikinta, na ga fitila ja tana ƙiftawa a hankali dare da rana, ko da na'urar ta yi shiru. Gidan kuwa da ɗuminsa. In kira mai gyara ne? Daga wata mai karatu a Columbus.

Amsa: Wa'alaikumus salam. 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, ki ajiye kuɗinki. A akasarin na'urorin Trane da American Standard, ƙiftawa a hankali ba tsayawa na nufin wuta na shiga, komai lafiya, na'urar tana jiran a neme ta ne kawai. Da zarar gidan ya huce, ma'aunin zafin da ke bango ya kira ta, za ki ga ƙiftawar ta ƙara sauri. Wannan ma daidai ne. Abin damuwa a wannan ƙirar shi ne fitilar ta tsaya kyam ba ƙiftawa, don hakan na nuna allon lantarkin ya samu matsala, ko kuma ta mutu ɗungurungum, wato wuta ba ta zuwa.

Kada launin ya ruɗe ki. Kowane kamfani da nasa tsarin. A Carrier da Bryant da yawancin Goodman, fitila a tsaye kyam ita ce alamar lafiya, akasin Trane ke nan. Shi ya sa ba ma son mutum ya ɗauki maganar maƙwabci kan fitilar na'urarsa. Ma'anar kowace ƙiftawa tana rubuce a takardar da aka manna a jikin murfin, galibi ta ciki. Ki ɗauki hotonta da waya ki adana.

In kina son tabbatarwa, ƙara zafi a ma'aunin bango da digiri 3, ki sauka ki saurara. Ƙaramar fanka mai fitar da hayaƙi ce za ta fara tashi. Bayan 'yan daƙiƙoƙi ɗan abin da ke kunna gas ɗin zai yi jajir kamar garwashi, sai ki ji ƙas, gas ya buɗe, wuta shuɗiya ta kama. Babbar fanka ba ta tashi sai bayan kamar daƙiƙa 30 zuwa minti 1, don kada ta huro muku iska mai sanyi. Idan wutar ta mutu kuma, fankar takan ci gaba har minti 2 ko 3 tana kwashe sauran zafin.

Tambaya: Tawa ƙirar Goodman ce. Takan kama, bayan 'yan mintuna wutar ta mutu, fanka ta yi ta hura iska mara ɗumi, fitilar ta ƙifta sau 4, ta tsaya, ta sake. Daga wani magidanci a Toronto, Kanada.

Amsa: Malam, ka kyauta da ka ƙirga kafin ka taɓa komai. Cire murfin ƙasa yana yanke wutar na'urar, a wasu ƙirar kuma saƙon da fitilar ke bayarwa ya goge ke nan. Ƙiftawa 4 a Goodman na nufin cikin na'urar ya yi zafi fiye da kima, makarin kariya ya datse gas, ya bar fanka tana sanyaya ta. Mafi yawan lokuta filta ce, wato matatar iska, ta toshe da ƙura. Kashe makunnin da ke gefen na'urar, zaro filtar ka ɗaga ta a gaban haske. In hasken bai ratsa ba, ta gama aiki. Girmanta na rubuce a bakinta, misali 16x25x1, kuma kibiyar jikinta ta fuskanci na'urar. Mai kaurin inci 1 ana canja ta duk wata 1 zuwa 3. Sannan ka zaga ɗakuna, ka ga ko kafet ko kujera ko buhun kaya bai rufe kafofin iska ba.

Da sau 3 ta ƙifta, da bututun hayaƙi za mu tura ka dubawa. Sabbin na'urori suna fitar da farin bututun roba ta jikin bango, kuma dusar ƙanƙara takan toshe bakinsa. Ƙiftawa 1 kuwa na nufin ta gwada kama wuta sau 3 ta kasa, ta kulle kanta na awa 1. Galibi sandar da ke gane wuta ce ta yi datti.

In ka sa sabuwar filta matsalar ta dawo, kada ka yi ta kashewa kana kunnawa, kuma kada ka bari kowa ya haɗe wayoyin makarin don ta ci gaba da aiki. Kira mai gyara mai lasisi, ko mai gidan in haya kake.

Roƙonmu ɗaya kafin ya iso: kada a shigo da kaskon gawayi ɗaki kamar yadda aka saba lokacin hunturu a gida, kada kuma a buɗe tandar gas don jin ɗumi. Gidajen can a rufe suke ruf, iskar kabon monoksaid kuwa ba ta da wari ko launi, tana kashe mutane cikin barci. A sa na'urar gano ta kusa da ɗakunan kwana. In kun ji warin gas, mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai, kada a taɓa wani makunni, ku fita waje da yara, daga can ku kira kamfanin gas ko lambar gaggawa ta 911.