Agogon auna bugun zuciya: wanne zan saya don rage ƙiba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekaruna 40, ina unguwar Zariya a nan Maradi. Likita ya ce in rage ƙiba, na kuma fara tattaki bayan sallar asuba. Ina son agogon da ke auna bugun zuciya, ya riƙa nuna mini kitsen da na ƙona. Wayata Tecno ce. Wanne zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Tattakin da kika fara shi ne babban aikin, kuma kin zaɓi lokaci mai kyau, don a watan Afrilu da Mayu zafin Maradi yakan wuce digiri 40 da rana.

Ki juya agogon, za ki ga koriyar fitila a bayansa. Tana haska fata, jini yana shanye wani ɓangare na hasken, sauran ya dawo wa na'urar. Duk bugu ɗaya jini yakan ƙaru a jijiya, hasken da ke dawowa ya ragu, da haka agogon ke ƙirga. A wannan aikin agogo mai kyau ba ya yin nisa da gaskiya. A 2017 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun gwada agogo iri 7 a kan mutum 60. Shida daga ciki kuskurensu a bugun zuciya bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Amma da aka zo lissafin kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke bayarwa kuma jiki ke ƙonawa, wanda ya fi kowanne iyawa ya kauce da kashi 27, na ƙarshe kuwa da kashi 93.

Wannan shi ne abin da nake so ki riƙe, Hajiya: ki sayi agogo don bugun zuciya, kada ki dogara da lambar kalori. Agogon ba ya ganin kitse, kintace yake yi da shekarunki da nauyinki da motsin hannunki. Abin da ke damuna shi ne mutum ya ga an rubuta masa ya ƙona kalori 400, ya ce ya samu sarari, ya ƙara fura da sukari. Kwalbar lemon zaƙi ɗaya ta santilita 33 tana da kalori wajen 140, kusan abin da tafiyar rabin awa ke ƙonawa ke nan.

To yaya za ki yi aiki da lambar bugun? Ki cire shekarunki daga 220, ya ba ki 180, shi ne kintacen ƙololuwar bugunki a minti. Motsa jiki matsakaici yana tsakanin kashi 50 da 70 na wannan, wato 90 zuwa 126. In kina tafiya agogo na nuna 85, ki ɗaga ƙafa; in ya haura 150 kina haki ba ki iya magana, ki sassauta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako. Sai dai in kina shan maganin hawan jini, ki nuna wa likita lissafin nan, don wasu magungunan suna rage gudun zuciya.

Batun saye kuwa, ƙananan nan irin Xiaomi Smart Band, Huawei Band ko Amazfit sun ishe ki. Suna haɗuwa da Tecno ta Bluetooth, kuma cajinsu yakan wuce mako, abin da ke da amfani in an ɗauke wuta. Apple Watch ba ya aiki sai da iPhone, kuma kusan kullum sai an yi masa caji. Ki duba alamar 5 ATM, mai nuna agogon yana jure ruwa, don ki yi alwala ba fargaba. Kafin ki biya kuɗi, ki ɗaura shi, ki ƙirga bugunki da yatsa na daƙiƙa 30, ki ninka biyu, ki gwada da abin da ya nuna. Sannan ki yi ɗan sauri ki ga ko lambar ta hau. Ki ɗaura shi sama da ƙashin wuyan hannu kaɗan, ya kama fata, don in yana lilo ƙarya zai yi miki.

Tambaya: Malam, na saya wa mahaifina agogo mai araha a kasuwa, an ce yana auna hawan jini da sukari. Ya daina zuwa awo asibiti?

Amsa: A'a ɗan'uwa, don Allah kada Baba ya daina. A watan Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa ba ta amince da wani agogo ko zobe da ke iƙirarin auna sukari ba tare da huda fata ba. Mai ciwon sukari da ya daidaita maganinsa da lambar ƙarya yana iya faɗuwa. Hawan jini ma a auna shi da na'urar da ake ɗaurawa a damtse. Baba ya ci gaba da sa agogon don ƙirga taku da ganin lokacin sallah, awo kuma a bar wa asibiti.