Idan Reshe Ya Kasa Biya, Wa Banki Zai Kama?

Tambaya: Malam, kamfaninmu na da reshe mai rajistar kansa a ƙasar waje. Bankin can ya ce ba bashi sai uwar kamfani ta tsaya masa. Me za mu kula da shi?

Amsa: Ku fara da karanta sharaɗin biya. In takardar lamunin ta ce a biya da zarar an nema, banki zai zo kanku kai tsaye, ba sai ya fara kai reshen kotu ba. Don haka ku sa iyakar kuɗi da ranar ƙarewa. Kada ku lamunci duk bashin da reshen zai ci nan gaba. In bashin na dala ne, kuma darajar kuɗin ƙasarku ta faɗi, nauyin ya ƙaru. Ladan lamunin da reshen zai biya ku don kun tsaya masa kuma, hukumomin haraji da dama na auna shi da jagorar 2020 ta OECD, wato ƙungiyar ƙasashe ta haɗin kan tattalin arziki da ci gaba.