Amsa: Da gaske Lopetegui ya tsare wa Real Madrid da Barcelona raga?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko gaskiya ne Julen Lopetegui ya taɓa zama golan Real Madrid da Barcelona, kuma me ya sa ba a ji sunansa ba sai da ya zama koci. Gaskiya ne, amma kusan duk a benci ya yi zaman. Ɗan garin Asteasu ne a yankin Basque, an haife shi a 1966. A Madrid wasa 1 kacal ya buga a La Liga, don Paco Buyo ya riƙe ragar ƙam. A ƙungiyar Logroñés ne ya samu fili daga 1991 zuwa 1994, har Sifaniya ta tafi da shi Kofin Duniya na Amurka. Barcelona ta ɗauko shi, nan ma benci, ya ƙare a Rayo Vallecano a 2002.

Ni dai na bi wasanninsa tun yana horar da matasan Sifaniya, inda ya ci kofin Turai na 'yan ƙasa da shekara 19 a 2012, da na 21 a 2013. Abin da na lura shi ne aikinsa na buƙatar lokaci. Da ya zama kocin Madrid, ba ta ba shi lokacin ba, wasa 14 aka sallame shi bayan Barcelona ta zura musu 5-1 a 2018, kuma har yau ina ganin an yi masa gaggawa. Sevilla ta yi haƙuri da shi, ya kawo mata kofin Europa a 2020, suka doke Inter 3-2.