Saurayi ɗan shekara 21 zai hau mumbari, ya dace?

Tambaya: Ni dattijon ikilisiya ne, na haura shekara 60. Fastonmu ya sa wani saurayi ɗan shekara 21 cikin jerin masu wa'azin Lahadi. Yaron yana da natsuwa, amma a gabanmu aka haife shi. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Shin wannan ya dace?

Amsa: Baba, Allah ya ƙara girma. Ya dace, in dai an gwada halinsa da koyarwarsa.

Ku duba sharuɗɗan shugabanci a 1 Timoti sura 3. Bulus ya lissafa kamunkai, karɓar baƙi, iya koyarwa, rashin son kuɗi da kyakkyawar shaida a wurin na waje. Bai yanka shekaru ba. Wanda ya hana a aya ta 6 shi ne sabon tuba, don kada girman kai ya kayar da shi. Mutum na iya zama ɗan shekara 55 kuma sabon tuba, wani ɗan 21 ya yi shekara goma yana tafiya da Ubangiji. Wasiƙar ma saurayi aka rubuta wa. Bulus ya bar Timoti a Afisa ya tsawata wa masu koyarwar ƙarya, ya kuma ce masa a 4:12 kada ya yarda a raina shi saboda ƙuruciya, sai dai ya zama abin koyi a magana, hali, ƙauna, bangaskiya da tsarki. Kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki ne suka dasa masa bangaskiyar, kamar yadda ku kuka yi wa wannan yaro.

Yosiya yana ɗan shekara 8 ya hau sarautar Yahuza, yana 16 ya fara neman Allah, yana 26 ya sa a gyara Haikali har aka gano littafin Doka. A nan ƙasarmu ma, 'yan mishan Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham da suka sauka Legas a 1893 babu wanda ya kai shekara 30. Gowans ya rasu a Girku, Kent a Bida, a 1894. Daga aikin bisharar da suka fara ikilisiyar ECWA ta fito a 1954.

Karin maganarku kuwa tana da gaskiya. Sarki Rehobowam ya watsar da shawarar dattawa ya bi ta sa'o'insa, kabila goma suka ɓalle (1 Sarakuna 12). Shi ya sa Bulus ya gargaɗi Timoti a 1 Timoti 5:1 kada ya tsauta wa dattijo da zafi, ya roƙe shi kamar uba. In wannan saurayi ya fara yi wa iyayensa habaici daga mumbari, sai a sauke shi ya ƙara koyo. A ganina dai mun fi yawan yin ɗaya kuskuren: matasa su share majami'a, su kaɗa ganga, su jera kujeru, amma ranar taron ikilisiya ba mai tambayar ra'ayinsu. Daga baya mu zauna muna mamakin yadda suka koma wata coci.

Ku nemi fasto ya haɗa ku da yaron. Ya kawo muku abin da ya shirya tun ranar Alhamis, ku karanta nassin tare, ku nuna masa inda ya kauce. In ya sauko ranar Lahadi, gyaran da ya rage ku yi masa a gida, ba a ƙofar majami'a ba.